LASIN TUƘI: ABIN DA KE JIRAN MAI TUƘI BABU SHI

Kowace rana ta Allah manyan motoci suna tasowa daga Kano da Sakkwato da Maiduguri da Fataskum, maƙare da shanu da albasa da tumatir da hatsi, su nufi Legas da Badun da Anacha da Fatakwal. A cikin waɗannan garuruwa na Kudu kuma akwai Hausawa masu ɗimbin yawa waɗanda ke neman abincinsu da tasi, ko bas, ko babur, ko keke mai ƙafa uku. Da yawansu gwanaye ne na gaske. Wani tun yana yaron mota ya koyi sitiyari a hannun ubangidansa, har ya zama ya san kowane rami da kowace kwana tsakanin Jebba da Ogbomosho. Amma doka ba ta da hanyar auna gwanintar mutum a bakin titi. Abu guda take tambaya, shi ne lasin tuƙi, wanda waɗansu ke kira lasisi, kuma ya zama na gaskiya, mai rai, wanda ya dace da irin motar da mutum yake tuƙawa.

Akwai wani lissafi da ya bazu a tashoshin mota. Masu yinsa kan ce ai tarar tuƙi babu lasin ₦10,000 ce kawai, kuɗin yankan lasin ɗin kuwa ya fi haka, ga wahalar zirga-zirga a ofisoshi, saboda haka gara mutum ya yi ta tafiyarsa, ranar da aka kama shi ya biya. Lissafin yana da ban sha'awa a baki, amma an bar mafi yawan abin da ya kamata a ƙirga a waje. Tarar nan ita ce mafi ƙanƙantar abin da marar lasin zai iya biya. Babban bashin yana nan yana jiransa a wani wuri dabam.

Yadda dokar ta samo asali

A da kowace jiha ita ke yanka lasin nata, da irin takardarta da irin rajistarta. Mutumin da alƙali ya hana shi tuƙi a jiha guda sai ya tsallaka maƙwabciyarta ya yanko sabo, ba wanda ya sani. A cikin shekarun 1970, sa'ad da kuɗin mai ya kawo yalwar motoci da sababbin tituna, haɗurra suka ƙaru ƙwarai, har Jihar Oyo ta kafa rundunarta ta kiyaye haɗurra a 1977. A watan Fabrairu 1988 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, watau FRSC, Farfesa Wole Soyinka kuwa shi ne shugabanta na farko. A 1990 aka shigo da lasin iri ɗaya domin ƙasa duka. A 2011 aka sabunta shi, aka ƙarfafa ɗaukar hoton mutum da zanen yatsunsa ana ajiyewa a rumbun bayanai guda. Dokokin da aka fi dogara da su a wannan fanni su ne Dokar Kafa Hukumar ta 2007 da Ƙa'idojin Zirga-zirga na Ƙasa na 2012, tare da dokokin hanya na jihohi.

Hannu uku ke aikin lasin. Jami'an duba motoci na jiha, waɗanda aka fi sani da VIO, su ke jarraba mai neman lasin. Hukumar tara haraji ta jiha ita ke kula da kuɗi da miƙa katin. Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ke ɗaukar bayanai da buga katin da riƙe rajista. Lasin da aka yanka a Gusau yana aiki a Kalaba, wanda aka yanka a Ikeja yana aiki a Damaturu.

Wane ne marar lasin a wurin doka?

Jama'a da yawa suna tsammani marar lasin shi ne kaɗai wanda bai taɓa yanka ba. Abin ya fi haka faɗi.

Na farko dai akwai wanda lasinsa ya mutu. Lasin mota na shekara uku ne ko biyar, gwargwadon wanda mutum ya zaɓa ya biya, kuma ranar mutuwarsa tana rubuce a jikinsa. Daga wannan rana katin ya zama shaida ce kawai cewa mai shi ya taɓa samun izini. Direban da ya yi shekara talatin yana tuƙi ba haɗari, in lasinsa ya mutu jiya, yau matsayinsa a gaban doka ɗaya ne da na wanda ba shi da shi.

Sa'an nan akwai wanda yake da lasin mai rai, amma ba na motar da yake ciki ba. Wannan shi ne tarkon da ya fi kama mutanen kirki. Lasin rukuni-rukuni ne, kowane da harafinsa. Rukunin A na babur ne. Rukunin B na ƙaramar mota ce ta gida, wadda nauyinta bai kai tan uku ba, kuma ban da tasi da motar haya. Rukunin C ya ƙunshi ƙananan motoci har da na haya. D da E na manyan motoci ne, E ya haɗa da masu ɗaukar fasinja. F na tarakta ne da injunan gona, G na tirela da sauran motoci masu jan bodi, H na katafila da injunan aikin hanya, J kuwa na naƙasassu ne masu tuƙa motar da aka gyara musu. Ma'aikacin da ya yanki lasin B domin motarsa ta zuwa ofis, sa'an nan rayuwa ta yi tsada ya fara ɗaukar fasinja da yamma, ya fita daga iyakar lasinsa. Haka yaron mota mai lasin ƙaramar mota wanda ubangidansa ya gaji a hanyar Lokoja ya miƙa masa tirela. Dalilin wannan rarrabawa a fili yake. Tirela maƙare da kaya ba ta tsayawa a inda ƙaramar mota za ta tsaya, ba ta shan kwana yadda take sha, kuma kuskuren mai tuƙa ta ba a kansa kaɗai yake ƙarewa ba.

Akwai kuma mai koyo. Doka ta yarda masa ya hau titi da takardar izinin koyo, muddin ya liƙa jan harafin L a gaban motar da bayanta, kuma akwai direba mai lasin zaune a gefensa. In ya fita shi kaɗai ya karya sharaɗin. Yaron da bai cika shekara 18 ba kuwa ba ya cikin waɗanda za a ba lasin ko kaɗan, komai tsawonsa, komai iyawarsa. Wanda kotu ko hukuma ta dakatar da lasinsa, shi ma marar lasin ne har wa'adin ya cika.

Mafi muni a cikinsu duka shi ne mai jabun lasin, kuma abin tausayi, sau da yawa shi kansa bai san jabu ne ba. A bakin ofisoshin lasin da cikin tashoshi akwai 'yan cuwa-cuwa masu cewa a kawo hoto da kuɗi kawai, gobe a zo a karɓa, ba jarrabawa, ba layi. Kuɗin da sukan karɓa ma sau da yawa ya ɗara na hukuma. Katin da za su kawo yana da kyan gani, da tambari da komai, amma lambarsa ba ta cikin rajista. Alamar gane shi mai sauƙi ce: duk sabon lasin da aka ba mutum ba tare da ya je da ƙafarsa an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa a cibiyar hukuma ba, to, abin tuhuma ne. Mai irin wannan kati laifi biyu ke kansa, tuƙi babu lasin, da amfani da takardar jabu. Jadawalin Dokar 2007 ya yanka ₦20,000 a kan na biyun, ban da cewa yin jabun takarda da amfani da ita da sani babban laifi ne mai ɗauri a ƙarƙashin dokar Final Kot ta Arewa da kuma dokar manyan laifuffuka ta Kudu.

A bakin hanya

In jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra ya tsai da mota ya tarar direba ba shi da lasin mai inganci, zai rubuta masa takardar laifi. Jadawalin Dokar 2007 ya sanya wa wannan laifi tarar ₦10,000 da maki 10 na horo. Makin nan ana tara shi a kan sunan direba: daga 10 zuwa 14 gargaɗi ne, daga 15 zuwa 20 a dakatar da lasin, 21 ko fiye a janye shi. Ke nan laifin lasin guda ɗaya ya riga ya kai mutum bakin gargaɗi.

Ba a biyan tara a hannun jami'i. Ana biya ne ta banki ko ta intanet zuwa asusun gwamnati, a karɓi rasit. Wanda ya miƙa wa jami'i wani abu domin a kau da kai ya ƙara wa kansa sabon laifi, wanda shi ma tararsa ₦10,000 ce da maki 10. Wanda kuma yake ganin an zalunce shi, ba tilas ba ne ya biya. Yana da haƙƙin ya ce a kai shi gaban alƙali ya kāre kansa. Sau da yawa ma, musamman lokacin bukukuwan Salla da Kirsimeti, majistare yakan zauna a gefen titi a kotun tafi-da-gidanka, a yi shari'ar nan take. In an sami mutum da laifi ya kasa biyan abin da aka yanka masa, alƙali yana iya tura shi gidan yari a madadin tara, gidan da tun 2019 ake kira gidan gyaran hali, ko da yake sauyin suna bai sa kwana a cikinsa ya yi daɗi ba.

Ita motar fa? Ba za a bar marar lasin ya ci gaba da tuƙa ta ba. Dokar 2007 ta ba hukumar ikon tsare motar da ake zargin an aikata laifi da ita, ta sanya ₦200 kuɗin ajiya a kowace rana, kuma in wata shida ya wuce ba a zo an karɓe ta ba, hukumar tana iya neman Babbar Kotu ta ba da izinin yin gwanjonta. Naira ɗari biyu ba kuɗi ba ne a yau. Amma a ɗauki motar da ta ɗauko kwandunan tumatir daga Kadawa za ta kasuwar Mile 12, ta kwana biyu a tsare cikin rana. Ko tirelar shanu da ta nufi Agege, dabbobi a tsaye ba ruwa ba ciyawa. Masu kayan ba za su tambayi hukuma asararsu ba, direba da mai mota za su tambaya. Mai babur ko mai keke wanda yake biyan balas kullum, kowace ranar da abin hawansa ya yi a tsare bashi ne ya hau kansa.

Ban da dokar Tarayya, jihohi suna da nasu dokokin da nasu jami'an, kuma tararsu ba lalle ta yi daidai da ta Tarayya ba. Legas tana da LASTMA tun 2000, da dokar gyaran harkar sufuri ta 2018, wadda take da tsanani ƙwarai, kuma jihar tana bukatar direbobin haya su riƙe shaidar cibiyarta ta horar da direbobi ban da lasin. Kano tana da KAROTA. 'Yan sanda su ma suna da ikon tambayar lasin a ko'ina. A watan Oktoba 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukunci cewa jami'an VIO na Babban Birnin Tarayya ba su da ikon tare motoci a hanya, ko kama su, ko cin masu su tara. Waɗansu direbobi sun ji labarin rabi da rabi, suka ɗauka an soke bincike ke nan. Hukuncin ya yi magana ne a kan wanda yake da ikon tsayarwa. Bai taɓa wajibcin riƙe lasin ba ko kaɗan.

Ranar haɗari

Duk abin da aka faɗa a sama ƙarami ne in aka gwada shi da abin da ke faruwa ranar da tsautsayi ya auku. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Farkon abin da ɗan sanda mai bincike zai nema a wurin direba shi ne lasinsa, kuma a wannan karon ba duban bakin titi za a yi masa ba, za a bi lambarsa har rajista.

Gaskiya ne rashin lasin shi kaɗai ba ya tabbatar da cewa mutum shi ya jawo haɗari. Mai yiwuwa ne ɗaya direban ne ya shigo masa hannu. Amma laifin lasin yana nan a kansa dabam, kuma ya shiga kotu da rauni. Mai gabatar da ƙara zai ce ga mutumin da ba a taɓa jarraba shi ba, ba a taɓa gwada idonsa ba, ya ɗauki mota ya hau titin jama'a da sanin cewa doka ta hana shi. Duk bayanin da zai yi game da burki ko taya ko ramin hanya, da wannan ido za a dube shi. Tuƙin ganganci, a Dokar 2007, hukuncinsa tarar ₦50,000 ne ko ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko duka biyun. In an rasa rai ta dalilin irin wannan tuƙi, ɗaurin yana iya kai shekara bakwai, kuma haka Dokar Manyan Hanyoyin Tarayya ta 1971 ta tanada. In sakacin ya yi muni ƙwarai, ana iya tuhumar mutum da kisan kai ba da niyya ba, wanda hukuncinsa ya fi wannan nauyi.

Bayan shari'ar hukuma sai ta kuɗi. Wanda aka ji wa rauni, da wanda aka lalata wa mota ko shago, da iyalan wanda ya rasu, kowannensu yana da ikon shigar da ƙarar neman diyya. Domin irin wannan rana ce aka wajabta inshorar kāre mutum na uku, watau wanda mota ta cuta alhali ba shi ne mai ita ba, wajibcin da ya faro tun daga wata doka ta 1945. Daga Janairu 2023 kuɗin wannan inshora ga ƙaramar motar gida ya koma ₦15,000 a shekara, kamfani kuma ya ɗauki nauyin ɓarnar dukiya har ta naira miliyan uku, ban da rauni da rasa rai. Daga 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka tsananta binciken takardarta a duk ƙasa. To amma mai mota ya buɗe takardar inshorarsa ya karanta inda aka faɗi waɗanda aka yarda su tuƙa motar. Kusan kullum zai tarar an gindaya sharaɗi cewa mai tuƙin ya zama yana da lasin da doka ta yarda da shi. In aka karya wannan sharaɗi, kamfani yana da hujjar ƙin gyara motar mai inshorar, ko da cikakkiyar inshora ya yanka. Inda kuma doka ta tilasta wa kamfanin ya biya wanda aka cuta, yana iya juyowa ya bi mai motar kuɗinsa. Mutum ya yi shekaru yana biyan inshora, ranar da ya bukace ta ya tarar ya rushe ta da hannunsa. Daga nan sai sayar da gona, ko gida, ko ita motar in wani abu ya rage a jikinta.

Mai mota da iyaye

Mai mota ba zai tsira da cewa ba shi ke tuƙi ba. Barin marar lasin ya tuƙa mota laifi ne a kan wanda ya bari. Har ila yau ƙa'ida ce ta shari'a cewa ubangida yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki, kuma lauyan mai neman diyya ya san inda dukiya take: ba zai tsaya a kan direban da ba shi da komai ba, zai haɗa da mai motar a cikin ƙarar. Saboda haka ɗan kasuwar da zai ɗauki direba, bai isa ya dubi katin ya mayar masa ba. Ya duba rukuninsa, ya duba ranar mutuwarsa, sa'an nan ya sa a tantance lambar a shafin intanet na lasin tuƙi na ƙasa ko a ofishin hukumar mafi kusa. Aikin 'yan mintoci ne. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi a tasha su ma suna da abin yi a nan, tun da su ke ba mota layi.

Maganar iyaye ta fi ciwo. An saba ganin yaro ɗan shekara 14 ko 15 an ba shi makullin mota ya kai ƙannensa makaranta, ko an saya masa babur, uban yana alfahari wai yaron ya iya. A lokacin biki kuma samari kan karɓi motocin gida su yi ta wasa da su a cikin unguwa. Tarar tuƙin ƙaramin yaro a jadawalin ₦2,000 ce kacal. Amma in yaron ya take ɗan maƙwabci, babu inshorar da za a dogara da ita, kuma wanda ya miƙa makullin shi zai tsaya gaban hukuma da gaban iyayen mamacin, waɗanda watakila a masallaci ɗaya suke salla.

Hanyar samun na gaskiya

Mai neman sabon lasin zai fara da makarantar koyon tuƙi wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta amince da ita, ya yi aƙalla awa 26 na horo, makarantar ta ba shi shaida. Ko wanda ya riga ya iya tuƙi sai ya bi ta nan, domin alamun hanya da ƙa'idojinta ba duka ake koyonsu a bayan tirela ba. Sa'an nan jami'an VIO su jarraba shi, a gwada idonsa. Zai cika fom ta intanet, da lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, ya biya kuɗi ta banki, ya je cibiyar lasin da kansa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Masu neman lasin haya ana ƙara musu sharuɗɗa game da shekaru da shaidar lafiya daga asibiti. Wanda bai iya karatun boko ba yana iya zuwa da ɗansa ko wani amintacce ya taya shi cika fom, amma kuɗin dai ta banki za a biya, kuma rasit ya fito da sunansa.

Farashin da hukumar haɗin gwiwa ta haraji ta amince da shi, wanda ya fara aiki a watan Yuni 2025, shi ne ₦15,000 na shekara uku da ₦21,000 na shekara biyar ga mota. Babur da keke mai ƙafa uku kuwa ₦7,000 da ₦11,000. Kuɗin makaranta da na jarrabawa dabam suke. In aka raba ₦21,000 a kan shekara biyar, bai kai ₦12 a rana ba.

Bayan ɗaukar hoto za a ba mutum lasin wucin gadi na kwana 60 kafin katin dindindin ya fito. An sha samun jinkiri wajen fitowar katin, har wa'adin ya wuce, kuma direbobi suna da gaskiya in sun koka da wannan. Wanda abin ya shafa kada ya zauna da matacciyar takarda a aljihu. Ya koma cibiyar da aka ɗauki hotonsa ya nemi a sabunta masa ta wucin gadin, ya riƙe rasit ɗin biyan kuɗinsa tare da ita a cikin mota. Mai sabunta tsohon lasin kuma ya fara shiri tun da sauran makonni kafin ranar da ke rubuce a jikin katin, musamman direban doguwar hanya wanda ranar za ta iya riskarsa yana tsakanin Ore da Benin da kayan mutane a bayansa.